Me ya sa polis ke toshe hanya da bariyar ranar taro, su bar ƙofa ɗaya tak?

Ɗana na ga tambayarka tun shekaran jiya, zama ne ban samu ba sai yau. Ka ce kai ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram, ranar hawan salla ka ɗauko wata tsohuwa za ka kai ta cikin Birni sai polis suka tare ka da bariyar tun daga nesa suka ce sai dai ta sauka ta taka da ƙafa, kai kuma ka juya ka ƙone manka a banza, shi ne kake tambaya wai ƙarafunan nan da ake jerawa suna da wani amfani ne ko kuwa nuna iko ne kawai, kuma don me za a toshe fili mai faɗi a bar wata 'yar ƙofa kowa na turereniya a kanta.

To ni dai na yi aikin polis shekara ashirin da ɗoriya kafin in yi ritaya, kuma yawancinsu a tsaron taro na yi su, na ɗauki ƙarafunan nan a kafaɗa har sai da suka yi mini kanta. Ba zan ce maka duk inda aka sa bariyar daidai aka yi ba, wallahi akwai wadda ni da hannuna na jera ta ina jin kunya a raina. Amma bari in fara faɗa maka abin da ita bariyar take yi, don mutane da yawa har cikin masu kaki sun ɗauka aikinta hana mutane wucewa, alhali ba ta iya hana kowa. Ka dubi ƙarfen nan da kyau wata rana. Tsawonta wajen mita 2, tsayinta mita 1 da 'yan kai, wato iyakarta cibiyar babban mutum ko sama kaɗan, nauyinta bai kai rabin buhun siminti ba, yaro ɗan shekara 15 zai ɗaga ta, saurayi irinka kuwa tsalle ɗaya ya haye. Faransawa suna kiranta Voban, sunan wani injiniyan sojansu ne na zamanin da can wanda ya shahara wajen gina ganuwa, mu dai bariyar muke cewa. A gefe ɗaya tana da ƙugiya, a ɗayan tana da zobe, ana saƙala wannan cikin wancan sai su zama layi ɗaya, in ka tura guda sauran su riƙe ta. Ƙarfinta ke nan gaba ɗaya. Abin da ke tsayar da mutane dubu a bayanta shi ne sun yarda su tsaya, da kuma ɗan sandan da suke gani a tsaye a gefenta. Ranar da suka daina yarda, ko kuma na baya suka turo na gaba ba da son ransu ba, bariyar kwanciya take yi kamar karan dawa.

Saboda haka aikinta na gaskiya shi ne ta yi wa taro hanya, kamar yadda mai lambu ke yi wa ruwa a fadama, ya buɗe nan ya toshe can don kada ruwan ya taru wuri ɗaya ya cinye kwami. Taron mutane in ya yi yawa ruwa ne. Masu nazarin abin sun auna, fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi, wato kamar dardumar salla ɗaya da rabi, in mutum 2 ko 3 ne a ciki kowa na motsi yadda yake so, in sun kai 5 an fara shiga hatsari, in aka kai 6 ko 7 to babu mai mallakar ƙafarsa kuma, in aka tura daga baya sai ka ga turin na tafiya cikin mutane kamar igiyar ruwa, mutum ya tsinci kansa ya matsa taku uku bai ɗaga ƙafa ba. Kuma abin da mutane ba su sani ba, yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsutsu ba tattake su ake yi ba, a tsaye suke mutuwa, ƙirji ne ake matsewa mutum ya fitar da numfashi ya kasa mayar da wani, cikin 'yan mintoci ya tafi, kuma na baya da ke turowa bai ma san ana mutuwa a gaba ba, shi dai yana ganin layi ya ƙi tafiya ne.

Yanzu batun motonka. Dalilin da ya sa aka tare ka tun daga nesa, ba a bar ka ka kai bakin fada ba, shi ne ana yin tsaron taro zobe-zobe ne. Zoben waje na tsayar da abin hawa, mota da moto da adaidaita da amalanke, zoben tsakiya na tace masu ƙafa, na ciki kuma shi ne ke raba 'yan kallo da abin da ake kallo. Kai ka fi ni sanin lungunan Birni, wani wurin amalanken jaki ɗaya in ya shiga sai mai ƙafa ya manne da bango, ga duwatsu ga kwana-kwana. To ka ƙaddara an bar moto 50 sun shiga an jingine su a bakin lungu, sai doki ya firgita ko a ce wani abu ya faru mutane su kwasa da gudu, motocin nan su ne za su zama tarko, na farko ya yi tuntuɓe ya faɗi na biyu ya faɗo kansa, shi ke nan an toshe lungu da mutane. Ga salansa mai zafi, ga mai a tanki. Sannan akwai hanyar da dole a bar ta fayau saboda ambilans da 'yan pompiye, in wani ya faɗi a kai shi likita ba tare da an tsaya roƙon mutane su janye moto ba. Wannan hanyar ita ce mutane suka fi jin haushinta, don suna ganin kwalta babu kowa an hana su bi, alhali amfaninta ke nan, ta zauna babu kowa.

Ita tsohuwar da ka ɗauko kuwa, a nan ina bayanka. Shef mai hankali yakan bar wa yaransa umarni cewa tsoho da gurgu da mai ciki da marar lafiya a duba lamarinsu, ko a bar moto ya kai su ya dawo ko a sa wani ya raka su. In ba a yi haka ba to ko dai ba a ba da umarnin ba, ko kuma yaron da ke bakin bariyar sabon shiga ne yana tsoron kada shef ya zagayo ya ga moto a ciki ya ci mutuncinsa. Ka sani wanda ke tsaye a wurin ba shi ya tsara ba, an kawo shi tun asuba an ce kada kowa ya wuce, wataƙila ko ruwa bai sha ba, faɗa da shi ɓata baki ne. Ka kashe moto, ka yi sallama, ka ce ina shef ɗin wurin, shi ne mai ikon ɗaga ƙarfe.

Kuma ranar hawa ba mu kaɗai ba ne. Dogaran Mai Martaba Sarkin Damagaram suna da nasu tsarin tun kafin a san wani abu polis a ƙasar nan, kuma gaskiya a gaban fada sun fi mu iya taron, don mutane sun san su, dogari ɗaya ya ɗaga bulala sai ka ga layi ya ja baya taku biyar, abin da mu sai mun jera mutum goma. Inda dawaki ke sukuwa ma ba a cika son bariyar ƙarfe kusa ba, doki in ya kauce ya bugi ƙarfe zai karye ne ya yar da mahayi, ƙafafunta kuma da suka fito waje suna kama kofato, shi ya sa za ka ga wani wurin igiya ce da mutane a tsaye. Haka wajen hawan ƙaho, sa in ya fizge ya yo kan jama'a, mutane na buƙatar inda za su watse, in ka kulle su tsakanin ƙarfe da bango ka ba sa nama ne kawai.

Sai babbar tambayarka, ƙaramar ƙofa. A nan akwai daidai akwai kuskure, kuma kuskuren kisa yake yi. Ƙofar shiga dole ta zama ƙarama in ana so a san adadin waɗanda suka shiga ko ana caje, don ba ka iya laluba mutum goma a lokaci ɗaya. Amma ga lissafin da ya kamata duk mai tsara taro ya yi kafin ya sauke ƙarfe ko ɗaya daga kamyo. Ƙofa mai faɗin mita 1, in babu caje babu tikiti mutane na tafiya salin alin, wajen mutum 80 take fitarwa a minti. Ka ga mutum 5,000 sai sun yi sama da awa ɗaya. In kuwa ana laluba kowa, ko da daƙiƙa 10 ne kan mutum ɗaya, ya zama mutum 6 a minti ga mai caje ɗaya, to in mutane na isowa 100 a minti kai kana shigar da 6, ina sauran 94 ke zuwa? Suna taruwa ne a bakin ƙofa, minti bayan minti, har a kai wancan 6 da 7 ɗin da na faɗa maka. Maganinsa a yawaita ƙofofin, a ware ta mata da yara daban, a buɗe da wuri tun kafin rana ta yi zafi, sannan a jera bariyar ta yi dogon layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji tun daga nesa, don turin na baya ya ƙare a kwana kada ya iso kan na gaba. Abin da bai kamata a yi ba sam shi ne jeri irin na mazurari, baki mai faɗi gindi tsukakke, wannan kam ko a makarantar polis ana hana shi amma har gobe za ka gan shi.

Ƙofar fita kuwa ba ta da wani dalilin zama ƙarama, kuma ba a kulle ta, ko da wasa. Shiga mutane na yi ne kaɗan-kaɗan cikin awa uku, fita kuwa a minti biyar kowa ke son yi. Ka je filin kokowa na Langa-Langa ranar da aka yi babban karo ka tsaya ka ga yadda ake fitowa da zarar an kayar da na ƙarshe, za ka gane abin da nake nufi. Da yawa cikin manyan masifun taro da aka yi a duniya in ka bincika za ka tarar da ƙarfe ko ƙofa a ciki. A Ingila a 1989, filin ƙwallo na Hilsboro, an yi wa 'yan kallo shingen ƙarfe a gaba don kada su shiga fili, aka buɗe wata ƙofa ta waje mutane suka kwararo, na gaba suka matse a jikin shingen, mutum 97 suka rasa ransu ta dalilin wannan rana, bayan nan ne aka cire irin shingen daga manyan filayensu. A Akara ta Gana, watan Mayu 2001, an harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo alhali ƙofofi na rufe, mutum 126. A Yawunde lokacin kofin Afirka a Janairun 2022, bakin ƙofar filin Olembe, mutum 8. Ba sai mun je nesa ba ma, nan Diffa a Fabrairun 2020 wajen rabon kayan agaji ga 'yan gudun hijira, mutum wajen 20 suka mutu a turmutsutsu, yawancinsu mata da yara. Alhazanmu kuma za su ba ka labarin wurin jifan Shaiɗan a Mina, bayan abin da ya faru a 2006 ne Saudiyya ta sake gina gadar wurin ta yi mata hawa-hawa, aka mai da tafiyar hanya ɗaya, ta inda ka shiga ba ta nan za ka fita ba, kuma aka sa wa kowace tawaga lokacinta. Alhaji yana jin haushin askar ɗin da ke hana shi juyawa baya, amma da mai tafiya da mai dawowa su haɗu a hanya ɗaya shi ne mafi muni a duk harkar taro.

Bari in ba ka nawa, don kada ka ce labarin wasu kawai nake yi. Wata shekara cikin azumi wani mai hali ya ce zai raba zakka a ƙofar gidansa, atamfa da hatsi da 'yan kuɗi a ambulan, aka turo mu mu takwas da bariyar goma sha biyu. Ni ne babba a wurin. Na jera su na yi layi ɗaya ya nufi ƙofar gidan, kuma saboda na san za a ture su sai na sa aka ɗaure ƙugiyoyin da waya, ina ganin na yi dabara. An ce rabo ƙarfe 8, mata sun fara zuwa tun kafin asuba, mai gidan bai fito ba har wajen 11, rana ta buɗe ga ƙishirwar azumi. Sai wani yaron gidan ya leƙo ta saman katanga ya ce kayan ba za su isa kowa ba. Kalmar nan kaɗai. Wallahi ban ga lokacin da layin ya narke ba, sai dai na ji ƙarfen na kuka ƙiiii yana ja a ƙasa, na duba na ga wata yarinya ba ta fi shekara 12 ba an manna ta da sandunan bariyar, fuskarta a tsakanin ƙarfe biyu, bakinta a buɗe amma ba ta kuka, kuma wannan shi ne abin tsoron, mai ihu yana da sauran numfashi, wanda ya yi shiru idonsa a waje shi ne ke tafiya. Na kai hannu in zare ƙugiyar in buɗe gefe, wayar da ni na sa aka ɗaura ta hana ni. Da wata pensa ta mai gyaran moto da ke gefen hanya muka yanke ta, hannuna na rawa, muka buɗe bariyar biyu mutane suka zube ta gefe kamar an fasa randa. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, yarinyar ta farfaɗo bayan an yayyafa mata ruwa, takalma kuwa da muka tara bayan an watse sun cika buhu. Tun daga ranar ban sake ɗaure bariyar da waya ba, kuma duk layin da na jera sai na bar wurin da mutum ɗaya zai iya buɗewa da hannu ɗaya, in sa wanda aikinsa ke nan kawai ya tsaya a wurin. Kuma duk mai kuɗin da ya ce a ba shi polis zai yi rabo, ina ce masa Alhaji ka ba masu unguwa tikiti su raba gida-gida, a zo rukuni-rukuni kwana uku, wasu su ji wasu su ga kamar ina hana su a gan su.

Inda kuma nake cewa kana da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne toshe hanya don babban mutum. Lokacin Zinder Sabuwa a Disambar 2018, da aka yi bikin cikar jamhuriya shekara 60 a nan, an rufe hanyoyi da yawa kuma wannan kowa ya gane, shugaban ƙasa da baƙi da fareti, ba yadda za a yi. Amma a ce wani zai wuce ƙarfe 4 na yamma a rufe babban titi tun 12, mai kai mara lafiya da mai zuwa kasuwar Dole da 'yan lakkol duk su tsaya cikin rana, wannan rashin tsari ne da tsoron manya, wanda ya ba da umarnin ya fi son a zage shi a gari da a ce kortej ya tsaya minti ɗaya. Da rediyo a hannu minti 10 ko 15 kafin isowa ya isa. Kuma in za a rufe hanya, a sanar a gidajen rediyo tun jiya, a sa mutum a karfur ɗin da ke gaba yana nuna wa mutane inda za su bi, ba sai ka zo har bakin ƙarfe ba sannan a ce ka koma. Man da ka ƙone ɗin nan laifin wannan ne.

Kada kuma ka haɗa wannan da bariyar bakin gari, irin ta hanyar Tanut ko Mirya ko Magarya ko Takeita, inda za ka ga igiya da tsumma a jiki ko ganga da sandar ƙarfe, wani wurin da faranti mai ƙusoshi na fasa taya. Waccan ta binciken takardu da kaya ce, akwai ta polis akwai ta jandarma akwai ta duwan, wata kuma ta kuɗin hanya ce. In an sa ganguna a karkace sai ka yi ta lanƙwasa kafin ka iso, don a rage maka gudu ne. Da dare ka rage wuta, ka tsaya inda aka ce, kada ka sa hannu cikin aljihu da sauri kafin a tambaye ka, yaran na cikin fargaba a zamanin nan kuma da bindiga a hannunsu. In an ce ka yi laifi za ka biya, ka nemi resi. Na san abin da za ka ce, na kuma san ana yi, ni ma ban ce duk wanda na yi aiki da shi waliyyi ba ne.

Tunda sana'arka na kai ka wurin taro kullum, riƙe wannan. In ka isa wuri ka fara duba ta ina za ka fita, ba wadda ka shigo kaɗai ba. Kada ka yarda ka zama kai ne a jikin ƙarfe ko bango in taro ya cika, wurin kallo ne mai kyau amma nan nauyin kowa ke sauka. In ka ji an fara matsa ka ta ko'ina har ba ka iya ɗaga hannu ka taɓa fuskarka, lokacin fita ya yi, ka dunƙule hannuwanka a gaban ƙirji kamar ɗan dambe don haƙarƙarinka ya samu wurin motsi, kada ka ja da turin, ka bi shi kana zamewa gefe-gefe duk lokacin da ya lafa. Takalmi ko waya in ta faɗi ka bar ta, sunkuyawa ce ke kayar da mutum. Yaro kuwa a ɗora shi a wuya. In ka ga wani ya yi shiru a jikin bariyar kansa ya langaɓe, ka yi wa ɗan sandan da ke kusa ihu ka nuna masa da hannu, daga inda yake tsaye sau da yawa fuskokin layin farko kawai yake gani, kuma in ta kama ku ɗaga ƙarfen sama ne ƙugiyar ke fita, ba ja ake yi ba. Lambar polis 17, ta pompiye 18, ka sa su cikin wayarka yau.